Sunan da Adda Bara'atu Ba Ta Kira

Cikin duk mutanen da Allah ya haɗa ni da su, ba wanda ya kai Adda Bara'atu iya tayar mini da hawan jini, ga shi kuwa uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ba faɗa take yi ba. Da ma faɗan take yi, da na sami inda zan kama. Mace ce da za ka zazzage mata cikinka tun daga hantsi har azahar, ta bar ka ka gama, sannan ta gyara ɗankwali ta ce, "To." Wannan "to" ɗin nata ya fi mini zagi ciwo.

Shekara biyar ta ba ni. A garin Katagum aka haife mu, kusa da bakin kogi. Innarmu Bafulatanar Jama'are ce, irin matan da ke ganin gara su kwana da yunwa da suruki ya ga bakinsu yana motsi. Ni Husaina tarbiyyar kunyar nan ta kunnen dama ta shiga ta fice ta hagu, na yi boko na zama malamar firamare mai baki. Adda kuwa ta kwashe nata, ta haɗa da rabona. Da ta auri Malam Bappayo, tela a kasuwar Azare, ta kama sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma har yau ita take yi. Duk unguwarsu an san ƙulinta, mai ɗan yaji ne, ba ya karya haƙori. Durƙuson matsar tunkuza ya cinye mata gwiwoyi, yanzu ko masallacin Idi sai a Keke Napep take zuwa.

'Ya'ya biyar ta haifa. Huɗun ƙarshe tana ƙwala musu kira har maƙwabta su ji. Ta farin ce ba ta da suna a bakinta. Ga ta 'yar fari, ga shi kuma Malam Bappayo ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Halimatussa'adiyya, kunya ta zama biyu. Mu muna ce mata Sadiya, amma Adda ko wannan ba ta faɗa. Sai dai "waccan", ko "mutuniyarki", ko "'yar gidan Husaina". Ko mai sayen ƙuli ce ta zo aka ce sunanta Halima, to ta zama Hajiya a wurin Adda, ko da kuwa ba ta taɓa ganin filin jirgi ba.

Ranar da aka yaye yarinyar aka kawo mini ita riƙo, ina amarya. Ni take kira Umma, uwar da ta haife ta kuma take kira Adda, yadda ta ji ina faɗa. Duk ranar suya sai an aiko mana da ƙulin kaskon farko a ƙullin leda, da saƙon wai "a ba mutanen gidan". Mu uku ne a gidan lokacin, kuma kowa ya san ni da maigidana ba ma cin yaji.

Sadiya tana da shekara goma sha ɗaya abin ya faru. Akwai wani Naziru mai Keke Napep da ke kwasar yaran layinmu zuwa makaranta, ya dawo da su. Wata Laraba ya sauke kowa, ya wuce da ita. Abin da ya yi mata ba zan sa shi a takarda ba. Kwana huɗu muka yi a asibiti, kuma kwana huɗun nan Adda tana zaune a gindin dogonyaron da ke ƙofar ɗakin mata, da kwanon kunu a gabanta. Ba ta shiga ba. In na fito sai ta ce, "Ya mai jikin?" kamar 'yar maƙwabta ce ta yi zazzaɓi. A rana ta uku na kasa daurewa, na ce mata a gaban mutane, "Adda, wai ke dutse ne a ƙirjinki?" Ta miƙo mini kunun ta ce a ba ta tun da ɗuminsa.

Malam Bappayo ne ya tsaya a shari'ar, Allah ya jiƙansa. Dattawa sun yi ta sintiri a shagonsa, a yi sulhu, a rufa asiri, ya ce asirin wa? Aka ɗaure Naziru shekara bakwai. Malam bai ga fitowarsa ba, ciwon hanta ya ɗauke shi saura shekara biyu. Sadiya ta girma, ta yi ƙoƙari, yanzu shekararta ashirin tana karatun aikin jinya a Bauchi. Tana dariya, tana tsokana, ka gan ta ba za ka ce komai ba. Abu ɗaya ne ya rage: tun daga ranar nan ba ta sake sa ƙafarta a Keke Napep ba. Duk nisan wuri, in ba mota, a ƙasa take tafiya.

Mun ɗauka magana ta mutu, ashe kwana ta yi. Akwai rajistar da ake rubuta sunayen masu irin wannan laifi, kuma kashi biyu ce. Akwai ta rufe, wadda sai hukuma ke gani. Akwai ta fili, mai hoto, wadda kowa zai iya dubawa a waya, kuma wanda ke cikinta ba a ba shi aikin da ya shafi yara. Naziru a ta rufe yake tun fitowarsa. Bara sai ofishin da ke riƙe da rajistar ya sake tantancewa, ya mayar da duk wanda laifinsa ya shafi ƙananan yara zuwa ta fili. Lokacin Naziru ya sami aiki a wata makarantar kuɗi. Aikin me? Tuƙin motar 'yan makaranta! Duk sana'o'in da ke garin Azare, ga dako, ga faci, ga noma a Itas in ƙasa yake so, bai ga wadda ta yi masa ba sai ta ɗaukar 'ya'yan mutane. Shugabar makarantar ta ga hotonsa a waya, ta sallame shi a ranar.

Shi ne ya ɗauko lauya daga Bauchi ya kai ofishin ƙara. Wai ya gama zaman gidan yarinsa kafin a fito da sabon tsarin, wai an hukunta shi sau biyu a kan laifi ɗaya, wai a mayar da shi ta rufe. Har da cewa dangin yarinyar ma sun manta, ba wanda ke da sauran ƙorafi. Alƙali ya ce to, kafin ya yanke, yana so ya ji daga ɓangaren wadda aka zalunta.

Wadda ta kawo mana labarin Barista Folake ce, 'yar Baba Ayodele mai shagon kayan gini a bakin tasha. A Azare aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, kuma ni na koyar da ita a aji huɗu. Tana cikin lauyoyi mata da ke tsaya wa irin waɗannan shari'o'i. Muka zauna a tsakar gidan Adda, ta yi mana bayani.

Na ce, "Ai shi ke nan, ni zan tsaya. Ni na raine ta."

Ta ce, "Malama, na sani. Amma kina da takardar riƙo daga kotu?"

"Takardar me? 'Yar yayata ce! Wa ya taɓa zuwa kotu don an ba shi yaye?"

"To nan ne matsalar. Alƙali ya ce ko ita da kanta, ko mahaifi, ko mahaifiya, ko mai riƙon da ke da takarda. Babanta ya rasu. A takardar haihuwa sunan Mama ne." Ta juya wajen Adda. "Mama, in kika tsaya, ba sai an kira Sadiya ba. In ba ki tsaya ba, sammaci za a aika mata, ta zo ta zauna a ɗaki ɗaya da mutumin nan, lauyansa ya yi mata tambayoyi."

Adda tana tsince gyaɗa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To."

Folake ta tafi da murna. Ni da na san "to" ɗin Adda, jikina bai ba ni ba. Sati guda ina zuwa ina yi mata bita kamar 'yar aji ɗaya. In an ce mece ce ita a wurinki, ki ce 'yata ce. In an ce sunanta, ki faɗa. Kalma nawa ce? Ta ce ta ji.

Ranar zama aka fitar da 'yan kallo saboda irin shari'ar, aka bar mu mu kaɗan. Naziru yana gefe, ya yi ƙiba, ya ajiye gemu, yana jan carbi. Adda ta shiga akwatin shaida da mayafinta ruwan toka, ta yi rantsuwa. Lauyan Naziru ya miƙe. Bahaushe ne, ɗan gari ya san gari, da ganin yadda ya yi murmushi na san ya shirya mana. Ya gaishe ta da ladabi har da rusunawa.

"Hajiya, yarinyar da ake magana a kanta, mece ce ita a wurinki?"

Adda ta dubi ƙasa. Ta ce, "'Yar gidan Husaina ce."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Folake ta rufe ido.

"'Yar gidan Husaina. Madalla. To mene ne sunanta?"

Adda ta buɗe baki, ta mayar ta rufe.

"Hajiya, ba ki ji ba ne? Sunanta nake tambaya."

"Husaina ta sani."

"A gidanki ta girma?"

"A'a."

"Lokacin da take kwance a asibiti, kin shiga kin duba ta?"

Adda ta ce, "Ban shiga ba."

Ya juya wajen alƙali yana buɗe hannuwa. Ya ce, ya Mai Shari'a, ga wadda aka kawo a matsayin uwa, ta ce 'yar wata ce, ba ta faɗi sunanta ba, ba ta raine ta ba, ba ta duba ta ba. Da wane baki za ta yi magana a madadinta? Folake ta yi tsalle ta miƙe, ta ce kowa a ɗakin nan ya san kunyar ɗan fari, shi kansa lauyan in an bincika uwarsa ba ta kiran sunan yayansa. Alƙalin dattijo ne, na ga ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma ya sani, a gidan da ya tashi haka ake yi, amma abin da shaida ta faɗa da bakinta shi magatakarda ke rubutawa, ba abin da kowa ya sani ba. Ya ɗage zama zuwa sati biyu. Ya ce a zo da yarinyar ta jira a kusa, in mahaifiyar ba ta tabbatar da matsayinta ba, ita za a saurara.

Ban yi wa Adda magana a hanya ba, don na san in na buɗe baki a titi sai an taru. Muna shiga gida ta cire mayafi ta hura wuta, wai tana da suyar da aka yi mata oda. Nan na fashe.

"Adda, kin san abin da kika yi kuwa? Kin ɗauki yarinyar nan da hannunki kin miƙa musu! Ranar wanka ake ɓoyon cibi? Kunyar wa kike ji a ɗakin can? Ta Naziru? Kunyar mara kunya ai asara ce!"

Tana murza tunkuza a tafin hannu tana jefawa a mai.

"Inna ta rasu, Malam ya rasu, surukarki ta rasu. Wa ya rage da zai ce kin yi rashin kunya? Shekara ashirin yarinya ba ta taɓa jin kin kira ta ba. Ko akuya tana amsa kukan ɗanta!"

Sai ta tsaya da murzawar. Ba ta dube ni ba, wutar take kallo. Ta ce, "Husaina, kullum sau biyar ina kiran sunan nan da goshina a ƙasa. Wanda ya ba ni ita ya san shi a bakina. Yau na buɗe baki a can, na nemi sunan, ya ƙi fitowa. Ba ƙi na yi ba."

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan a kan Sadiya ba. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Na ce Allah ba shi ne magatakardan kotu ba, na ɗauki jakata na fita, ina tafe ina istigfari.

Dole na kira Sadiya na gaya mata. Ta ce, "Umma, kar ki matsa wa Adda. Zan zo." Muryarta ta koma irin ta 'yar shekara goma sha ɗaya. Saura kwana tara ta fara jarrabawa a lokacin. Ƙawarta ta gaya mini daga baya cewa a satin nan biyu abinci sai an yi da gaske take ci.

Ranar zama na biyu da safe muka iso kotu, ni da Adda, a Keke. Sadiya ta taso daga Bauchi da motar farko, kuma Folake ta ce za ta ɗauko ta a tasha, amma wata shari'ar ta riƙe ta. Muna tsaye a bakin ƙofa sai ga yarinya ta ɓullo daga kan kwana, a ƙasa, da jakar kaya a kafaɗa. Daga tasha zuwa kotun nan tafiya ce mai nisa, ga rana ta fara zafi, ga masu Keke suna ta yi mata hon suna wucewa. Igiyar takalminta ɗaya ta tsinke a hanya, tana jan sa. Ta iso gumi ya jiƙa mata hijabi, ta durƙusa.

"Adda, ina kwana."

Adda ta kau da kai kamar kullum, ta ce, "Lafiya." Amma na ga inda idonta ya sauka. Ƙafafun take kallo, sun yi futu-futu, ɗan yatsa ɗaya ya fashe yana jini. Ta kalle su, ta kalli Keken da muka sauka daga ciki, ta sake kallon ƙafafun.

Folake ta iso ta sa Sadiya a motarta a gindin bishiya, ta ce ta zauna nan sai in an kira ta. Muka shiga. Lauyan Naziru ya miƙe da murmushinsa na rannan.

"Hajiya, mun sake haɗuwa. Yarinyar nan, mece ce..."

"Halimatussa'adiyya."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, kuma muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Amma ta faɗe shi duka, ba ta gutsure ko harafi ɗaya ba. Lauyan ya buɗe baki, ba ta jira shi ba.

"Ni na haife ta. Ranar Talata, ana ruwa, shekarar da kogi ya cinye gonar babanmu a Katagum. Wata goma sha tara na ba ta nono. Tana da tabo a bayan kunnen hagu. Ba ta cin kuɓewa. Da tana asibiti ban shiga ba, gaskiya ne, amma tagar ɗakin tana saitin inda nake zaune, duk kukan da ta yi na ƙirga." Ta ɗaga hannu ta nuna Naziru, ita da ko ɗan yatsa ba ta nuna mutum da shi. "Shekara tara ke nan 'yata ba ta shiga Keke saboda wannan. Yau daga tasha a ƙasa ta zo, ƙafarta tana jini. Shi ya gama nasa, in ji ku. Ita yaushe za ta gama nata? Ku bar hotonsa inda iyaye za su gani. Kuma kar a shigo mini da ita ɗakin nan."

Ni da nake da baki ban san lokacin da na cusa mayafi a cikinsa ba. Alƙali ya tambayi magatakarda ko ya rubuta, ya ce ya rubuta. Ya tambayi lauyan ko yana da sauran tambaya, ya duba takardunsa ya ce babu. Alƙali ya ce kotu ta gamsu wannan ita ce mahaifiya, ba a bukatar yarinyar, ta koma makarantarta. Hukuncin kansa sai bayan wata biyu ya fito, aka bar Naziru a rajistar fili. Lauyansa ya ɗaukaka ƙara, kuma har yanzu takardun suna can suna yawo, Folake ta ce in na ƙara kiranta a kan maganar za ta canza lamba.

Da muka fito, Sadiya ta taso daga mota tana duban fuskokinmu. Folake ta ce mata an gama, ba za ta shiga ba. Ta sauke ajiyar zuciya, ta jingina da motar. Na ce a raina yau dai za a rungumi juna, yau za a yi abin da ake yi. Ina! Adda ta gyara mayafi, ta dubi gefe, ta ce mini, "Ki ce wa mutuniyarki ta sa takalmina, nata ya tsinke."

Wallahi da ba a harabar kotu muke ba da na yi ihu.

Ta tuɓe silifas ɗinta ta tura su gaban yarinyar, ta sa tsinkakken. Folake ta buɗe mota ta ce mu shiga ta kai mu, sai aka leƙo daga ciki aka ce alƙali yana nemanta a wata shari'ar. Na ɗaga hannu zan tsayar wa Adda Keke saboda gwiwarta, mu kuma mu taka. Ta ce a'a. Ta ɗauki jakar Sadiya ta ɗora a ka, ta kama hanya a ƙasa, tana ɗingishi, tana jan takalmi.

Muka bi ta a baya. Mun yi nisa kafin Sadiya ta matso ta riƙe mini hannu, ta yi ƙasa da murya don kar a ji a gaba.

"Umma, da gaske ta faɗa?"

"Ta faɗa."

"Sadiya ta ce, ko duka?"

"Duka."

Ta kalli bayan Adda da jakar a kanta. Sai a lokacin na tuna cewa alƙali ya ji, magatakarda ya ji, har Naziru ya ji, mai sunan ce kaɗai tana waje a cikin mota.

Ta ce, "Umma, yaya ta faɗe shi? Gwada mini."

Na gwada sau biyu a bakin titin nan, bai fito kamar nata ba.